"Ai taku biyu ne kawai na fito"

Akwai wata magana da na gaji da jinta a bakin masu gida a Kano, duk wanda ya taɓa zama a unguwar awon igiya, wato wadda aka yanka filayenta ba da tsarin gwamnati ba, ya san ta: "ai taku biyu ne kawai na fito." Mutum zai tashi gyaran gidansa, abin da aka fara da canjin kwano da ɗan filasta, kafin ka ankara ya rushe tsohuwar katanga ya sake jera bulo amma wannan karon ta matso cikin layi, ya fasa shago biyu a gaba, ya zuba dakali, ya haƙa sokawe a waje ya rufe da kankare wanda ya fi ƙasan layin tudu, sannan ya kafa rumfar kwano a saman dakalin saboda mai shago ya samu wajen baza kaya. In ka yi magana ka zama mahassadi, ba ka son ci gaban ɗan uwanka. Na kusa da shi ya ga ba a ce komai ba, ran da shi ma Allah ya buɗa masa sai ya ja igiyarsa daidai da ta maƙwabcin har da ɗan ƙari, na tsallaken layi ma ya ce ai ba shi kaɗai za a cuta ba. Layin da aka bari da faɗin da mota biyu za su gifta juna, yau ɗan adaidaita sahu sai ya tsaya ya jira ɗan uwansa ya fice.

Ni abin da nake gani laifin kashi biyu ne, kuma ɗaya ne ya haifi ɗaya. Dokar barin tazara tsakanin gini da iyakar fili, yadda take a takarda, ba da gidajenmu aka auna ta ba, shi ya sa in ka fita daga manyan unguwanni da wuya ka ga mai bin ta. To da yake mutane sun saba take wadda ba za ta yiwu ba, sai suka haɗa har da wadda bai kamata a taɓa ba ko kaɗan, wato ta hanya da ta kwata da ta sirrin maƙwabci. Ni so nake a sassauta ta farkon, a tsananta ta biyun tsanani na gaske ba sani ba sabo. Yanzu kuwa ta farkon ce a rubuce da manyan baƙaƙe, ta biyun kuma an bar mutane su yi ta fama da junansu.

Bari mu yi lissafi irin na 'yan firamare. Ma'aunin da masu zanen gida suka saba aiki da shi a unguwannin da gwamnati ta tsara a ƙasar nan shi ne ka bar wajen mita 6 tsakanin gininka da katangar gaba, mita 3 ta kowane gefe, mita 3 ta baya. To ɗauki filin da ƙaramin ma'aikaci ko ɗan kasuwar tebur yake iya saya bayan ya yi shekara da shekaru yana zubin adashi, ƙafa 50 a ƙafa 50, wato mita 15 da 'yan kai ta kowane ɓangare. Cire 3 ta dama cire 3 ta hagu, saura 9. Cire 6 ta gaba cire 3 ta baya, saura 6. Kenan a filin da ya biya kuɗinsa gaba ɗaya, kashi ɗaya cikin huɗu ne doka ta yarda ya ɗora gini a kai, kuma a cikin wannan ɗan wajen ake so ya saka matansa biyu da 'ya'yansa da tsohuwarsa da ƙanin da ya zo karatu daga ƙauye. Wannan ma mai cikakken fili ne fa. Wanda ƙarfinsa ya tsaya a rabi, 25 a 50, in ya cire mita 3 ta kowane gefe abin da zai rage masa bai kai faɗin katifa mai ƙafa 6 ba. Dan Allah wa zai bi wannan?

Kuma ba abin mamaki ba ne in ka duba inda tsarin ya samo asali. Dokar garuruwa ta 1917 ta zamanin Lugga ita ta raba gari zuwa unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, har ana barin fili mai faɗin yadi 440 tsakani ba a gini a ciki, wai saboda sauro da gobara. Gidan da aka tsara wa Bature a irin su Nasarawa gida ne a tsakiyar makeken fili, bishiyoyi ta ko'ina, tagogi suna kallon waje, ɗakin boyi can baya. Daga nan aka zo dokar tsara gari ta 1946, aka zo ta tarayya ta 1992, a 2003 kuma Kotun Ƙoli ta yanke a ƙarar da Legas ta shigar cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Wato tun lokacin ba abin da ya hana Kano ko Katsina ko Sakkwato su zauna su rubuta ma'aunin da ya yi daidai da irin ginin mutanensu. Amma har yau hoton gidan da yake kan mai rubuta doka shi ne wancan na Bature, an ɗauko babbar rigar uba an zura wa yaron goye ana mamakin yana tuntuɓe.

Gidan Bahaushe ba haka yake ba, kuma ba don jahilci ba. Mu ɗakunanmu suna jingine ne da katanga ta kewaye, filin da wancan ya bari a waje mu a ciki muke barinsa, shi ne tsakar gida. Nan ake girki, nan ake wanki da shanya, nan yara suke wasa, nan ake shimfiɗa tabarma a kwana lokacin zafin bazara in an ɗauke wuta. Iska da hasken da doka take nema ta hanyar tazarar gefe, mu ta tsakar gida muke samunsu. In ka tilasta wa mai ƙaramin fili ya bar mita 3 ta gefe to ka kashe masa tsakar gida ka ba shi wani siririn lungu da ba abin da za a yi da shi sai ajiye tsohon keke da jarkoki da kajin da za su dami maƙwabta.

Na san masu ilimin abin za su ce tazarar nan ba ado ba ce, tana hana wuta tsallakawa daga gida zuwa gida, tana ba ɗaki iska. Gaskiyarsu, kuma ba zan yi musu ba cewa yanzu akwai masu cike filinsu kaf da ɗakunan haya, su rufe tsakar gidan da kwano ko dakin na kankare, ɗaki ba taga sai ƙofa, yara su kwana a ciki a watan Afrilu. Wannan zalunci ne kuma hanyar cuta ce, mu da muka san abin da sanƙarau yake yi a lokacin zafi bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani ba. Amma maganinsa ai shi ne a ce wa mutum dole ka bar kaso kaza na filinka a buɗe sama tana kallonsa, a ciki ko a waje kai ka sani, kuma kowane ɗaki ya samu taga da take fita ga wannan buɗaɗɗen wajen, katangar da kuka haɗa da maƙwabci ta zama ta bulo har sama ba katako ba. Wannan mutum zai iya bi, kuma jami'i zai iya aunawa.

Abin da yake ba ni haushi ma shi ne muna da namu tsarin tun kafin Bature ya zo, a littattafan da malamanmu suke karantarwa a zaure har gobe. Hadisi ne ingantacce a Buhari da Muslim cewa in an yi saɓani a kan hanya a sanya faɗinta kamu 7, wato mita 3 da wani abu, faɗin da raƙumi da kayansa zai wuce. Akwai na cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa ita har ƙasa bakwai ranar alƙiyama, wannan kam kowa ya haddace shi amma a kan gonar gado kawai muke tunawa da shi, ba ma ganin layin unguwa a matsayin ƙasar wani, alhali shi ya fi ma haɗari tunda masu haƙƙi a kansa ba su ƙirguwa. Akwai na cewa kada maƙwabci ya hana maƙwabcinsa kafa itace a jikin katangarsa, ka ga shari'a ta san da gidaje masu jingine da juna ba ta ce sai an bar rata ba. Sannan ga ƙa'idar nan ta ba cuta ba cutarwa wadda malaman Malikiyya suka gina hukunce-hukunce masu yawa a kanta: ina za ka fasa ƙofa in layin siriri ne don kada ta yi saitin ta maƙwabci, ina indararonka zai zubar da ruwa, za ka iya kafa abin da hayaƙinsa ko ƙararsa ko girgizarsa za su dami na kusa da kai ko ba za ka iya ba. A Tunis a ƙarni na 14 akwai wani magini, Ibnur Rami, wanda alƙalai suke turawa ya je ya duba irin waɗannan rigingimu da idonsa, ya auna, in an ce a rushe abin da ya shigo hanya ya rushe, ya kuma rubuta abin da ya gani. Hatta filin da yake jikin katangarka ta waje malaman sun yi maganarsa, kana da damar zama a wajen, ka ɗaure dabbarka, ka sha inuwa, amma ba ka da damar ka kewaye shi ka mai da shi ɗaki.

Batun taga kuwa suna kawo labarin wani da ya ɗora bene a Masar zamanin Sayyidina Umar ya fasa taga, aka ce a ajiye gado a bayan tagar mutum ya hau ya tsaya, in yana hango cikin gidan maƙwabci a toshe ta, in ba ya hangowa a bar masa abarsa. Ka duba sauƙin wannan awo, ba ya buƙatar injiniya.

Na ga irin wannan rigimar da idona a layinmu. Wani ɗan kasuwa ne Allah ya yi wa buɗi ya ɗora bene a kan gidansa, abin sha'awa, tayil har waje. Matsalar tagogi biyu na ɗakin sama suna kallon tsakar gidan wani dattijo tsohon malamin makaranta kai tsaye. Tun ana aikin leburori suna sama matan gidan malam suka daina fitowa tsakar gida sai da hijabi, a cikin gidansu fa, wanke-wanke da hijabi, tuƙin tuwo da hijabi, daga baya suka ɗinke buhunan shinkafa suka ɗaura da igiya daga kan ɗakin girki zuwa bishiyar darbejiya suka yi rufi. Ga indararon benen ya saito bayan ɗakin malam, ruwan farko da aka yi sai da jikin katangar ya jiƙe har ciki fenti yana ɓarewa. Mutanen da suka shekara suna sahu ɗaya a masallaci sai ga shi ana sallame sallah kowa ya kama gabansa.

Da aka je gaban mai unguwa bayan la'asar, mai benen ya ce, "Ranka ya daɗe, ni fa a cikin filina na yi ginina, ko inci ɗaya na Malam ban taɓa ba, a kawo tef a auna." Kuma gaskiya ya faɗa, bai ci iyaka ba. Malam ya ce, "Alhaji, ni ban ce ka ci min ƙasa ba. Iyalina ka hana sakewa. Ka zo ka hau ɗakin nan naka mu tsaya tare, in ba ka ga murhun gidana ba na yafe." Mai unguwa bai yi dogon wa'azi ba, ya ce a tashi a je. Aka hau, aka leƙa, ga turmi ga taɓarya ga igiyar shanya duk a fili. Alhaji ya yi shiru, can ya ce, "Baba, wallahi ban taɓa tsayawa a nan na duba ba, magini ne ya ce nan iska take." Aka tsaya a kan zai toshe ƙasan tagogin ya bar sama daidai inda ya wuce tsayin mutum, indararo kuma a sa masa bututu ya sauko ta cikin gidansa ya fita kwata. Bulo kaɗan ne da buhun siminti da bututu biyu. Da tun ran da aka kafa katakon dakin wani ya tambaye shi ina tagoginka za su kalla, da ko wannan ɗin bai kashe ba, da matan mutane ba su yi watanni suna girki a ƙarƙashin buhu ba. Tun ran gini ran zane.

A nan ne nake ganin hukuma ta bar aikinta. Hukumar tsara birane ta KNUPDA, wadda manyanmu suka fi sani da tsohon sunan KASEPPA, ita doka ta ɗora wa ba da izinin gini a birnin Kano, kamar yadda KASUPDA take a Kaduna. Amma ka je Dorayi ko Kurna ko Rimin Kebe ko Sheka ka bi gida gida ka tambaya su nawa ne suka kai zane aka buga musu hatimi kafin su sa harsashi, balle kuma kafin su ƙara ɗaki ko su fasa shago. Yawancin filayen nan gonaki ne, mai gona da dillali suka zo da igiya suka yanka, kuma tunda kowane taku kuɗi ne sai a matse layi gwargwadon iko, ba filin makaranta ba na asibiti ba hanyar ruwa. Gwamnatin Kwankwaso a zango na biyu, tsakanin 2011 da 2015, ta haramta awon igiya ta kuma gina rukunin gidaje na Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, amma mutanen da suke kwarara cikin Kano kullum ba su da kuɗin waɗancan gidajen, kuma filin gwamnati ba ya zuwa hannun wanda bai san kowa ba, don haka igiya ba ta daina aiki ba, matsawa kawai ta yi gaba zuwa bayan gari. Mutumin da filinsa ma bai da takardar gwamnati ta yaya zai ɗauki ƙafa ya kai kansa ofis neman izinin gyara? Gani yake kai kansa ya yi. Saboda haka hukuma ba ta ganinsa sai ya gama, sannan a zo da jan fenti a yi masa alama a katanga, daga nan kuma sai a shiga neman wanda ya san wani.

Rusau kuwa mun gan shi iri-iri. An yi a Abuja lokacin da El-Rufai yake minista daga 2003 zuwa 2007, an yi a Kaduna da ya zama gwamna, a Kano kuma a watan Yunin 2023 kwanaki kaɗan bayan rantsar da Abba Kabir Yusuf aka rushe gine-ginen filin sukuwa da na Otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi da shataletalen gidan gwamnati. Ba zan shiga siyasar abin ba don kowa da inda ya karkata, kuma waɗancan filayen jama'a ne ba rigimar maƙwabta ba. Abin da ya shafi maganata shi ne darasin da ƙaramin mutum ya ɗauka. Masu shagunan nan da yawa da takardunsu a hannu waɗanda gwamnatin da ta gabata ta ba su, har babbar kotun tarayya ta yanke a biya 'yan Filin Idi naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. To mai gida a lungu da ya ga haka me zai ce? Cewa zai yi mai takarda ma bai tsira ba, ni me zai kai ni ɓata kuɗina, bari in yi ginina in Allah ya tsare shikenan. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna amana, to in amana tana canza fuska duk bayan zaɓe, kada a yi mamaki in mutane sun daina ɗaukar takarda da muhimmanci.

Amma duk wannan uzurin da na jero wa mai gida, a bakin ƙofarsa ya ƙare. Ina jin tausayin wanda ya fasa shago don kuɗin haya ya taimaka masa da kuɗin makarantar yara, ina jin tausayin magada da aka raba musu gida ɗaya gida biyar kowa yana neman inda zai fitar da ƙofa da masai. Ka fasa shagonka, amma ka ci daga ɗakinka, kada ka ci daga layi. Sokawe a tsakiyar hanya ba talauci ba ne, son kai ne, mutum ba ya son warin a cikin gidansa sai ya fitar wa jama'a, ran da babbar mota ta taka murfin ya rufta kuma yaran unguwa ne a haɗari. Ga masu yi wa ƙofar gareji gangare da kankare su toshe kwata gaba ɗaya saboda motarsu ta hau lafiya, ruwa ya zo ya rasa hanya ya juya gidan wanda ya fi kowa kwari, wanda galibi shi ne ya fi kowa rashin ƙarfi a layin. Ka tsaya ka kalli yadda ake fita da gawa a wasu lungunan, masu ɗauke da makara suna karkata ta suna hawa tudun wannan suna sauka na wancan. Motar kashe gobara kuwa a bakin titi take tsayawa, mai naƙuda sai an riƙo ta an tako da ita zuwa inda mota ta iya kaiwa. Masu kuɗi ma ba su tsira daga halin ba, su nasu da fulawoyi da sarƙa da ɗakin mai gadi ake cinye gefen titi, sai ya fi kyau a ido kawai.

Kuma mun ga ƙarshen abin a babban sikeli. Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a watan Agustan 2022 ta lalata kaya masu yawan gaske, kuma abin da 'yan kasuwar da kansu suka yi ta nunawa da yatsa shi ne gine-ginen da aka ɗora a kan hanyoyin ruwa. Kududdufan cikin gari da suke shanye ruwan sama an cike su ɗaya bayan ɗaya an yi filoti. Ƙarƙashin manyan wayoyin wuta da aka ce a bar mita 30 ga mai 132kV, mita 50 ga mai 330kV, je ka gani, har da masu bene. Irin waɗannan ba abin sassauci ba ne, ko mutum ya zo da kuka ko ya zo da katin wani babba.

A Amurka, inda kotun ƙolinsu ta amince da dokokin tsara unguwanni tun 1926, su ma suna rigima a kan katanga da gareji da baranda kamar mu, har kotu. Abin da na ga ya dace mu duba a wajensu ɗaya ne: in filinka yana da wata matsala da ba za ka iya cika ma'auni ba, akwai kwamitin gari da za ka je ka nemi sassauci, a aika wa maƙwabtanka sanarwa, su zo su ce sun yarda ko ba su yarda ba, kafin ka sa bulo. Mu ai muna da abin da ya fi wannan kusa da jama'a, zauren mai unguwa, sai dai ba a zuwa wajensa sai an riga an ɓata. Me zai hana a ce duk wanda zai taɓa katangar waje, ko ya ɗora bene, ko ya fasa shago ko ya haƙa rami, sai ya cike 'yar takarda shafi ɗaya da Hausa, maƙwabcin dama da na hagu da na baya da na tsallake su sa hannu, mai unguwa ya sa, wani ma'aikacin hukumar tsara birni da aka ajiye a kowace gunduma ya zo da tef ya duba abu uku ko huɗu, layin katanga, kwata, taga, inda ruwa da masai za su, kuɗin kuma ya zama ƙayyadadde a rubuce a bango wanda bai fi ƙarfin mai gyaran ɗaki ɗaya ba, a biya a banki. Kuma kada a ce sai mai shaidar mallaka ta gwamnati, takardar cinikin da dagaci ya sa wa hannu ta isa a saurare ka, in ba haka ba an kori mafi yawan gari tun daga bakin ƙofa.

Na san abin da za a ce, ai wasu masu unguwannin da su ake yanka filayen, da su ake sayar da hanya. Haka ne, akwai su. Shi ya sa ba na son a bar faɗin layi a bakin kowa. A zo a auna kowane layi sau ɗaya, a kafa turakun kankare a bakinsa da ƙarshensa, a rubuta faɗin a jikin allo a kafe inda kowa zai gani, a saka a taswirar KANGIS, hukumar da take ajiye bayanan filayen Kano. Daga ranar duk bulon da ya wuce turke ba sai an kira taro ba, kuma a cire shi tun yana jeri ɗaya ko biyu magini yana tsaye, ba sai an yi rufi an sa amarya a ciki ba. Shi ma maginin a ci shi tara, don wallahi sau da yawa su ne masu cewa "Alhaji mu ɗan fito da ita kaɗan, ai kowa ma ya fito."

Waɗanda suka riga suka shigo kuma, a nan ne ake buƙatar hankali, don in aka ce a sa katafila a bi layi layi to rabin gari za a kwantar. Ni a ganina a raba. Dakali da rumfa da gangaren gareji da duk abin da ya toshe kwata, a ba da wata uku kowa ya cire da hannunsa, ba diyya tunda ba filinsa ba ne. Sokawe a ba da wa'adi mai ɗan tsawo a mayar da shi ciki. Ɗakin kwana ko shagon da ya riga ya tsaya a kan layi, in bai toshe ruwa ba kuma mota tana iya wucewa, a rubuta shi a ajiye, mai shi ya riƙa biyan wani abu duk shekara a zuba a gyaran kwatar layin, da sharaɗin ba zai ɗora komai a kansa ba, kuma ran da ya tashi rushewa don sabon gini ko ya sayar wa wanda zai sake ginawa, katanga ta koma bayan turke.